Takin ure da na sa a filin kiwo yana ɓacewa, mi zan yi?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana harkar ƙasa ku taimaka min. Ina da ɗan fili wajen Tibiri, jigawa ce tsantsa, na shinge shi na bar ciyawa don shanu huɗu da jajayen awakina. Damina biyu ke nan ina watsa ure, ciyawa ta yi kore shar sati biyu, da an yi ruwa mai ƙarfi sai ta koma ɗorawa-ɗorawa kamar ban sa komi ba, sai dai inda saniya ta yi fitsari nan ne za ka ga dunƙulen kore, gefensa a ƙone.

Ɗan yayata da ke karatun noma ya ce min ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ne ke juya takin ya koma nitarat, wato sinadarin da tsiro ke sha, shi kuma nitarat rairayi bai riƙe shi, ruwa ke tafiya da shi ƙasa. Wai akwai magani, DCD, mai rage saurin juyin, a Niyu Zilan sun daɗe suna fesa shi a makiyaya har 2013 da suka dakatar don an ga burbushinsa cikin madara. To nan gabana ya faɗi, nonon nan yarana ke sha. Kuma ya ce zafi na lalata maganin da wuri, mu kuwa kun san ranar Maraɗi.

Na ji a Indiya da man dogon yaro suke lulluɓe ure, ga shi ko'ina garin nan. Akwai wanda ya taɓa gwada dakakken ɗiyan dogon yaro da ure? Tiya nawa ake sa wa buhu? Ko in kasa takin kashi uku kawai?