Fasfon 'yan kutse: wasa ne ko jabu?

Abban Khadija: Jama'a ni fa abin nan da ake yi a tarukan 'yan kutse na Turai bai kwanta min ba. Mutum ya kafa tsohuwar kwamfuta da firinta mai allura yana buga wa mutane fasfo har da hatimi. A kira shi duk abin da za a kira shi, jabu ne.

Injiniya: Haba Abban Khadija, jabun na wace ƙasa? Jabu shi ne ka kwaikwayi na gwamnati don ka yaudari jami'i. Wannan kuwa Mitch Altman ne, cikin waɗanda suka kafa cibiyar masu ƙere-ƙere ta Noisebridge a San Francisco, ya fito da shi a 2011, ɗan littafi ne kawai kana yawo da shi duk cibiyar masu ƙere-ƙere da ka shiga su danna maka tambarinsu, ka je c-base a Berlin su danna, ka je taron Chaos Computer Club na ƙarshen Disamba a Hamburg ka tara wasu, shi kenan fa.

Abban Khadija: To me ya sa sai ya yi kama da na gaske? Su yi shi kamar littafin rubutu mana

Ɗan Damagaram: Ni injin ne ma ya fi burge ni wallahi. Firintar zamani ba ta iya bugu cikin ɗinkakken littafi, sai falle-falle. Sai irin ta banki ta da, kamar Olivetti PR2, wadda ake buɗe littafin ajiya a tura mata a kwance, ta ja shi ciki, allurai su dinga dukan ribon ƙiiii ƙiiii ta turo maka shi da rubutu. Yaran yanzu ba su taɓa jin wannan ƙarar ba, dole su yi layi.

Injiniya: Kuma yallaɓai fasfo na gaske ba bango ba ne. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, harafi 44 kowanne, kowa zai iya buga su don tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, a fili yake. Amma namu na Najeriya tun 2007 akwai cip a ciki, da sa hannun lantarki na hukuma. Wannan ko firinta dubu ka tara ba za ta yi shi ba.

Abban Khadija: Jami'in da ya tare ka a hanya cikin dare ba ICAO zai tambaye ka ba Injiniya. Ka gwada ka ba mu labari 😂

Maman Sadiq: Ku duka kun bar inda maganar take. Wasan nan shaguɓe ne ga hukuma. Wannan ƙungiyar 'yan kutse ta Jamus, Chaos Computer Club, ita ce a 2008 ta wallafa zanen yatsan ministan cikin gida Wolfgang Schäuble a mujallarta, don nuna adawa da saka zanen yatsa a fasfo. Ban ce jabu ne ba, amma Bajamushe da fasfonsa ke buɗe masa kusan ko'ina shi ke da sukunin mayar da iyaka abin dariya. Ɗanmu da yake son zuwa taron sai ya nemi bizar Schengen, ya kai takardar banki, ya biya kuɗi, ya jira, ƙarshe ma a iya hana shi.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne Hajiya, amma ai ba laifin littafin ba ne.

Ɗan Damagaram: Ni dai wanda ya san inda ake sayar da tsofaffin firintocin banki a Kano ya taimaka ya faɗa min, da ribon ɗinsu in akwai.

Abban Khadija: Kar dai ka saka hotona a ciki.