Neman shawara kan wani ɗalibina ɗan gudun hijira

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji a jihar Maradi, inda 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke zaune tun shekarar 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta.

Akwai yaro ɗan shekara tara a ajina wanda aka kashe mahaifinsa a gabansa. Da zarar ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin benci yana makyarkyata, kuma ya kan wuni bai ce uffan ba. Kakarsa ta shaida mini cewa ya koma yin fitsarin kwance, yana kuma firgita cikin barci.

Na dawo da shi kujerar gaba, na kuma ba shi takarda ya yi zane, amma babu abin da yake zanawa sai babura da gidaje suna cin wuta. A nan na tsaya cik, domin ban san ko zanen yana rage masa nauyin zuciya ba ne ko yana fama masa ciwo.

Kakar tana ganin iska ce, ana ba shi rubutu, kuma ban ga dalilin hana ta ba. Sai dai ta ƙi a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, wai kada a ce jikanta mahaukaci ne.

Don Allah masana, shin in bar shi ya ci gaba da zanen? Kuma da wane lafazi zan shawo kan baiwar Allahn nan?