Shuɗin Alƙur'anin Ƙairawan: wa ya rubuta shi, wa ya raba shi?

Ɗan Marina: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ga hoton falle ɗaya na abin da ake kira Shuɗin Alƙur'ani. Fata ce aka rina da baba har ta kusa komawa baƙa, sannan aka rubuta ayoyi a kanta da zinare. Ni da na tashi a bakin karofi, launin kaɗai ya isa ya hana ni barci. Abin haushin, wai wannan fallen yana New York, wani yana Dublin, wani Toronto. Maganata guda ce: a birnin Ƙairawan na Tunisiya aka rubuta shi, Faransawa suka sace suka yayyaga, a mayar wa Tunisiya kayanta.

Malama: Wa alaikumus salam. Yaya, magana uku ka ƙulle a ƙulli ɗaya, bari mu kwance. Mu fara da satar. Faransa ta shiga Tunisiya a 1881, haka ne. Amma fallayen da suka fara shiga Turai, wani mutumin Suwidin ne, F. R. Martin, ya saye su a Istanbul, ya kuma buga labarinsu a 1912. Ka ga wani ɓangaren littafin yana hannun Musulmi a can kafin Bature ya taɓa shi.

Ɗan Marina: To wa ya kai shi Istanbul, Malama? Ƙafa gare shi?

Malama: Turkawan Usmaniyya sun ci Tunis a 1574, shi ya sa wasu ke zaton ta nan ya bi. Zato ne dai. Amma in ka ce Faransawa, sai ka kawo shaida.

Alaramma: Ku dakata da rigimar ɓarawo, ku fara sanin kayan. Na daɗe ina ƙura wa hotunan nan ido. Rubutun kufi ne, layi 15 a kowane shafi, shafin kuma kwance yake, faɗinsa ya fi tsayinsa, kamar santimita 30 da 40. Babu wasali ko ɗaya, ɗigo ma sai jefi-jefi. Wani harafin sai a ja shi ya yi tsawo don kawai layi ya cika daidai. Yaron da ke kan allo ba zai iya fitar da komai ba, sai wanda ya riga ya haddace. Alamun ayoyi da azurfa aka yi su, azurfar ta dafe ta yi baƙi, yanzu sai ka matso kafin ka gan su. Mu da muke kwana muna cika kumsa da kuri, alamun aya biyar da goma, da jar tawada mun san wahalar falle ɗaya, balle kusan falle 600 da ake ƙiyasin littafin ya kai. Garken tumaki guda aka yanka kafin a samu fatar. Wannan aikin fada ne, ba na malamin zaure ba.

Auta: Allah gafarta Malam, wace fadar? Ni na karanta cewa Halifa Ma'amun ne ya sa aka rubuta don kabarin mahaifinsa Haruna Rashid a Mashhad.

Malama: Auta, wannan labarin daga bakin Martin ɗin ya fito, kuma masana sun daɗe da ajiye shi. Mai kaya a hannu ba ya rasa zuma a baki.

Ɗan Marina: Yauwa! Ashe kin dawo wajena. Ƙairawan ke nan.

Malama: Da sauƙi dai. Hujjar Ƙairawan mai ƙarfi ce, ban musa ba. Akwai takardar ƙidayar littattafan babban masallacin garin ta shekarar 693 bayan hijira, wajen 1293 ke nan, wadda ta ambaci wani mushafi mai juzu'i bakwai, rubutun zinare a kan fata mai duhu, da ado na azurfa. Kuma kaso mafi girma na abin da ya rage yana Tunisiya har gobe, a gidan tarihi na Raƙƙada kusa da Ƙairawan. Sai dai takardar ta nuna inda littafin yake ne a 1293, alhali an rubuta shi ƙarni uku ko huɗu kafin nan. Wurin ajiya daban, wurin haihuwa daban. Masana sun rabu: Jonathan Bloom ya ce na daular Fatimawa ne a Arewacin Afirka. Tim Stanley ya ce Andalus. Alain George ya ce zamanin Abbasiyawa na farko, can gabas.

Alaramma: Shi Bloom ɗin me ya riƙe?

Malama: Ramzi, Malam, wato ƙirga da haruffa. Haruffan da aka ƙirga ayoyi da su sun bi hisabin Magrib, inda sadi yake 60, ba sinun ba kamar yadda mutanen gabas ke yi.

Alaramma: Allahu Akbar. Ai shi ne namu! Da shi aka koya mana, sadi 60, shinun 1000, da shi malaman Sakkwato ke ɓoye shekara a ƙarshen waƙa. To ni kam na karkata wajen Ɗan Marina. Garin da ya ba mu mai Risala, Ibn Abi Zaid, ba zai gaza ba da mushafi ba.

Auta: Amma Malam, mutanen Andalus ma ai da hisabin Magrib suke aiki. Hujjar ta raba gabas da yamma ne kawai, ba ta raba Ƙairawan da Ƙurɗuba ta Andalus ba.

Alaramma: Yaron nan, wa ya aike ka? Amma ka yi gaskiya.

Malama: George ma cewa ya yi a farkon zamani ana samun wannan lissafin a gabas, don haka ko wannan rabon bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ɗan Marina: Ku dai kuna ta kewaye-kewaye. Ko a wata aka rubuta shi, kin faɗa da bakinki yana cikin kayan masallaci tun 1293. Kayan masallaci hubusi ne. Ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gado. Wanda ya sayar a Istanbul ya sayar da abin da ba nasa ba, wanda ya saya ya sayi kayan wani. Canza hannu sau goma ba ya halatta shi.

Malama: Nan kam ka kama ni, Yaya, in dai mushafin takardar shi ne wannan, kuma akasari haka ake gani. Abin da ban yarda ba shi ne ɗora wa Turawa kaɗai. Yau falle yana Doha, kuma duk sanda aka fitar da wani gwanjo a Landan, attajiran Musulmi na cikin masu tayawa. Kuɗin da suke zubawa shi ke sa dillali ya ga sayar da falle-falle ya fi riba.

Auta: Ni kuma ina ganin rabuwar ta yi rana. Da wuri ɗaya yake, gobara ɗaya ta isa.

Alaramma: Kul, Auta. Mushafinmu ma ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne a cikin gafaka, amma ka taɓa ganin an raba wa magada shi kowa ya ɗauki izu goma? Farkon aya a Dublin, ƙarshenta a wata ƙasa, kai kana kiran wannan tsari.

Ɗan Marina: Ni yanzu wani abu ne ma ya dame ni. Fatar rubutu in ka tsoma ta a rini za ta jiƙe ta motse, ba za ta sake miƙewa sumul haka ba. Ina ga shafa babar aka yi, bi da bi, har ta kama. Akwai guntun fatar akuya a shagon maƙwabcina, gobe zan gwada ta hanya biyun in turo muku hoto.