Modem na aiki a Windows, ya ƙi a Ubuntu: shawarwarin da na tattara

Na kai ƙorafin laftof ɗina mai Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux, babbar manhajar kwamfuta irin Windows) wurin masu gyara a Terminus, nan Jos: Wi-Fi da modem na aiki a Windows, sun ƙi a Ubuntu. Aka yi ta muhawara har la'asar.

Wanda ya fi gamsar da ni wani dattijo ne. Ya ce, "Ɗana, fara kashe Fast Startup a Windows." Dalilinsa: idan wannan saitin na saurin tashin kwamfuta yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta bar katin Wi-Fi rabi a farke, Ubuntu ta kasa tayar da shi. Na gwada, Wi-Fi ya dawo nan take, wallahi na ji daɗi.

Modem na USB kuwa, sau da yawa Linux na ganinsa kamar faifan CD, don haka a saka manhajojin usb-modeswitch da ModemManager, masu sa Linux ta gane shi a matsayin modem. Idan babu intanet ɗin saukewa, a jona waya da kebul a ari nata tukuna.

Wani ya ce a buga rfkill list a Terminal (tagar rubuta umarni a Ubuntu) don ganin ko an toshe Wi-Fi ko modem; in an toshe, a buga rfkill unblock all.

Sai APN (adireshin da modem ke bi ya shiga intanet ɗin kamfanin layi), a rubuta da hannu. Na MTN web.gprs.mtnnigeria.net ne. A kuma cire PIN na layin kafin a saka shi.