Wanda ya taɓa zama gaban kwamitin duba tsarewa, ya ba mu labari

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An tsare maigidana ba tare da an kai shi kotu ba, wai riga-kafi ne kada ya aikata wani abu nan gaba. Mako mai zuwa zai bayyana gaban kwamitin da ke duba tsarewar. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda abin yake.

Wanda aka taɓa tsarewa: Allah ya fito da shi lafiya, 'yar'uwa. Ni minti goma suka ba ni. Mutum uku ne zaune, ga fayil mai kauri a gaban shugabansu an ɗaure da jan zare. Aka ce in kare kaina. Na ce daga me? Takardar da ke hannuna layi biyu ce, wai ina barazana ga zaman lafiya. Babu rana, babu wuri, babu wanda aka ce na gana da shi. Da na roƙi a nuna mini abin da ke cikin fayil ɗin sai aka ce sirri ne. Har yau jan zaren nan nake gani in na rufe ido.

Tafinta: Na taɓa yi wa wani dattijo tafinta a irin wannan zama. Dalilan tsare shi da harshen da ba ya ji aka rubuta su, a bakin ƙofa na karanta masa. Jami'in da ya kama shi kuma yana tsaye a ɗakin, shi ya sa bakinsa ya mutu.

Lauya: Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan ke nan. Sashe na 9(4) na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa ya ba duk tsararre damar kotu ta duba halaccin tsare shi. A 2009 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce wa Birtaniya dole a sanar da mutum isasshen bayani kan zargin don ya iya mayar da martani. A Indiya dokar tsaron ƙasa ta 1980 ta hana tsararre lauya a gaban kwamiti, amma Kotun Ƙoli, a shari'ar A.K. Roy, ta ce in gwamnati ta zo da nata lauyan, shi ma a ba shi. Hajiya, ku nemi dalilan a rubuce, ya rubuta nasa jawabin, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Mai tambaya: Na gode, Barista. Gobe ranar ziyara ce, da biro da takarda zan tafi.