Shatar mota ta yini guda daga Hanoi zuwa Ninh Binh tare da dattijo: ina neman shawara

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure. Sana'ata ita ce sayen ɗanyen kashu a wajajen Techiman da Wenchi, kuma yawancin masu karɓar kayanmu 'yan Biyetnam ne, domin a ƙasarsu ake fasa shi a gyara. Bana, idan Allah ya yarda, da zarar kakar kashu ta ƙare a farkon watan Yuni, zan je can tare da kawuna, wanda shi ne ya ɗora ni a kan wannan sana'a. Harkarmu a kudancin ƙasar take, amma za mu kwana uku a Hanoi kafin mu juyo gida, kuma a cikin kwanakin akwai yini guda da ba mu da wani aiki.

Abokin cinikinmu ya ce bai kamata mu baro arewacin ƙasar ba mu ga lardin Ninh Binh ba, ya kuma turo mini tsari iri biyu. Na farko babbar mota ce ta haɗaka da sauran baƙi, na biyu kuwa shatar ƙaramar mota ce da direba da ɗan jagora, mu biyu kaɗai, amma kuɗinta ya ninka na farkon. Dukansu sun lissafa tsoffin wuraren bauta na Hoa Lu, da babban wurin bautar Bai Dinh, da shiga kwale-kwale a kogin da ke ratsa ƙarƙashin duwatsu, da hawan dutsen Hang Mua domin hangen karkara.

Kawu ya haura shekara 65, gwiwarsa ta dama tana damunsa, kuma mutum ne da ba ya wasa da lokacin salla. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini ko shatar ta cancanci kuɗinta, ko wuraren nan huɗu za su shiga yini ɗaya, da kuma yadda Musulmi zai yi da batun abinci da salla da shiga ɗakin da ake ajiye gumaka.

Hajiyar Nima, Accra:

Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka ɗauki shatar, kuma ina faɗa maka haka ne a matsayin wadda ta bi araha ta sha wuya. Ni da ƙanwata mun shiga motar haɗaka, wadda ta kwashe fiye da awa guda tana zagaya otal-otal na tsohuwar unguwar Hanoi tana ɗiban mutane kamar motar haya ta tirotiro mai neman cika, sannan a hanya aka tsayar da mu a wani katafaren shagon kayan tsaraba da babu wanda ya roƙa. Tafiyar kamar kilomita 100 ce, kuma mota mai tafiya kai tsaye tana yin ta cikin kamar awa biyu, amma mu ba mu isa bakin ruwa ba sai da rana ta take. Da na ce wa ɗan jagoran ina son mintuna goma in yi salla, bai yi mini rashin kunya ba, sai dai ya nuna mini agogo ya nuna mini sauran mutanen da ke jira, ni da kaina na ji nauyi. Abin da za ka saya da ƙarin kuɗin nan shi ne ikon cewa a tsaya ko a tashi, kuma tun da kana tare da dattijo, wannan ne ya fi komai muhimmanci.

Sai dai kada shatar ta sa ka kwaɗayin ganin komai, domin ba a tauna taura biyu, balle huɗu. Ka cire Bai Dinh. Gini ne na zamani da aka fara a 2003, yana da girma ƙwarai har sai an ɗauki mutum a motar lantarki daga wurin ajiye motoci, kuma bayan haka akwai doguwar tafiya a ƙafa da matakala a tsakanin jerin mutum-mutumi 500 na dutse. Gwiwar Kawu ba za ta gode maka ba.

A batun ruwa kuwa, wurare biyu ne, Tam Coc da Trang An, kuma ɗaya za ka zaɓa. Ni Tam Coc na je. Ma'anar sunan ita ce kogo uku, domin kogin Ngo Dong yana shiga ƙarƙashin dutse sau uku, a je a dawo ta hanya ɗaya cikin abin da bai wuce awa biyu ba. Matar da ta tuƙa mu ta jingina bayanta ne ta kama filafilan biyu da tafin ƙafafunta, hannunta ɗaya riƙe da lema, ɗayan kuma tana duba waya, kwale-kwalen yana tafiya sumul kamar ba ita ke jan sa ba. Da muka shiga kogon farko, wanda ya fi tsawo, sai zafi ya ɗauke lokaci guda, ruwa mai sanyi yana ɗigo mana a ka, rufin dutsen kuma ya sauko har ƙanwata ta dafe ɗankwalinta ta sunkuya. Kun yi sa'ar lokaci, domin daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ne shinkafar da aka shuka a gefen kogin take nuna, ta zama ruwan ɗorawa daga bakin ruwa har gindin duwatsu, amma idan kuka makara da 'yan kwanaki za ku tarar an girbe. Abu guda da zan gargaɗe ka a kai shi ne masu talla a kwale-kwale da ke jira a wurin juyawa, waɗanda za su matsa maka ka saya wa matuƙiyar lemo. Ya fi kyau ka ba ta tukuicinta a hannu idan kun sauka.

Malamin Tafo, Kumasi:

Ina tare da Hajiya a kan shata da kuma barin Bai Dinh, amma da izininta zan saɓa mata a zaɓin ruwa. Na je wurin ne lokacin da aka tura mu wani ɗan gajeren kwas a Hanoi, kuma Trang An na shiga, wanda mutanen arewacin ƙasar suke furta shi kamar Cang An. Shi ne zuciyar yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, saboda yanayin ƙasarsa da kuma tarihin mutanen da suka zauna a cikinsa. An fi tsara shi, babu masu talla a kan ruwa, ana ba kowa rigar kariya, kuma akwai hanyar da ke ratsa kogo tara. Aibinsa ga dattijo shi ne tsawon zama, domin ana yin kusan awa uku a kan benci marar majingina, sannan kwale-kwalen mutum huɗu yake ɗauka, saboda haka ku biyu sai dai ku jira a haɗa ku da wasu ko ku biya kujerun da suka rage. Idan bayan Kawu yana da ƙarfi, Trang An ya fi cika ido. Idan kuwa zama ma yana gajiyar da shi, maganar Hajiya ce gaskiya.

Inda nake son in daɗe shi ne Hoa Lu, domin mutane da yawa suna wuce shi cikin gaggawa alhali shi ne ke ba sauran wuraren ma'ana. Bayan da ƙasar ta fita daga mulkin Sin na kusan shekara dubu, ta tarwatse a hannun sarakunan yaƙi goma sha biyu, har sai da Dinh Bo Linh ya murƙushe su, ya naɗa kansa sarki a 968, ya kuma kafa babban birninsa a wannan kwari. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa tun yana yaro mai kiwon ɓauna yake shirya wa sa'o'insa wasan yaƙi da tutocin kara. Da ka tsaya a filin ka waiga ko'ina za ka gane dalilin zaɓinsa, domin duwatsun da baƙi suke ɗaukar hotonsu a yau su ne ganuwar birnin, kamar yadda duwatsun Kufena da Dala suka jawo mutanen da suka kafa Zazzau da Kano. An kashe Dinh Bo Linh a 979, babban kwamandansa Le Hoan ya hau mulki a 980, ya kuma fatattaki rundunar Sin da ta kawo hari a 981. A 1010 ne sarki Ly Cong Uan ya mayar da fadar zuwa inda Hanoi take a yanzu. Fadojin asali sun rushe, abin da ke tsaye shi ne ɗakuna biyu da aka sake ginawa a ƙarni na 17 domin tunawa da Dinh Bo Linh da Le Hoan, suna kusa da juna a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Kawu zai iya zagaya su a hankali.

Game da shiga, ya kamata ka san abin da za ka tarar. A ciki akwai mutum-mutumin sarkin a zaune, da tsinkayen turare suna hayaƙi, da 'ya'yan itace da kuɗi da mutane suka ajiye, kuma za ka ga masu haɗa hannuwa suna rusunawa, domin girmama magabata a wurinsu ibada ce. Babu wanda zai nemi baƙo ya yi haka. Ni na tsaya ne a farfajiya da bakin ƙofa, na kalli sassaƙar katako da ta dutse, kamar yadda nake yi idan na kai ɗalibai tsohon ɗakin tsafin Asante na Besease a kusa da Ejisu. Na san malamai sun saɓa a wannan mas'ala, don haka ka tuntuɓi malamin da Kawu ya yarda da shi tun kuna gida, kada gardama ta tashi a bakin ƙofar mutane. Ka kuma gaya wa ɗan jagoran tun a mota cewa ba za ku kunna turare ba, domin wasunsu suna miƙa wa baƙo da kyakkyawar niyya.

Salla ba za ta yi muku wuya ba. Tun da ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a Hanoi ba, kuna nan a kan hukuncin matafiya a mazhabarmu ta Malikiyya, za ku yi ƙasaru. Ku tafi da darduma da buta, domin ba za ku tarar da masallaci a hanyar ba. Abin da zai ba Kawu mamaki shi ne alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka kada sabo ya sa ya fuskanci gabas. Idan kuma Juma'a ta faɗo a cikin kwanakinku, kada ku sa tafiyar a ranar, ku je masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19.

Ƙaninku daga Madina, Accra:

Yaya, ina gaisuwa. Manya sun gama magana, ni dai zan ƙara abu biyu ne. Dutsen Hang Mua matakala ce kusan 500, ba su daidaita ba, wasu gajeru wasu kuma sai an ɗaga ƙafa sosai, kuma yawancin hanyar babu inuwa. Na taɓa hawa dutsen Afadjato na nan Ghana, amma duk da haka sai da na zauna hutu sau uku a can saboda zafi mai gumi. A ƙoli akwai dodon dutse mai siffar maciji, daga gefensa ana hango kogin Tam Coc yana lanƙwasa a tsakanin gonakin shinkafa, kwale-kwalen kuma sun zama ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Kada Kawu ya hau. A gindin dutsen akwai lambu da tafkin furanni da wuraren zama, zai iya jiran ka tare da ɗan jagoran.

Na biyu shi ne abinci. Ninh Binh ta yi suna da naman akuya, amma ba yankan Musulmi ba ne, kuma alade yana shiga girkinsu ta hanyoyin da ido ba ya gani, kamar romo da kitse. Suna da ƙanzon shinkafa da suke soyawa, irin wanda muke rububi a gindin tukunya, sunansa cơm cháy, sai dai sau da yawa ana barbaɗa masa dambun naman alade. Abincin da babu nama a cikinsa kuwa cơm chay ake ce masa, bambancinsu a karin murya ne kawai da 'yar alamar da ke kan wasali, kamar yadda kalmominmu na Hausa suke sauya ma'ana idan murya ta hau ko ta sauka. Kada ka dogara da bakinka, ka sa a rubuta maka a takarda, ko ku yi guzuri daga gidan abincin halal a Hanoi tun da daddare.

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Kawu amsoshinku bayan sallar isha'i, ya ce shi Tam Coc yake so, domin yana son ya ga matar da ke tuƙi da ƙafa da idonsa kafin ya yarda. Batun alƙibla kuwa sai da ya sa na maimaita masa sau biyu. Na rubuta wa abokin cinikinmu cewa shata muke so, mu tashi daga otal da ƙarfe 6 na safe ba tare da tsayawa a shagon tsaraba ba, mu fara da ruwa, sannan Hoa Lu, mu yi salla mu ci guzurinmu, sai ni kaɗai in hau Hang Mua bayan la'asar. Hajiya, ko akwai abin da kike ganin na manta?

Hajiyar Nima, Accra:

Alhaji, tsarin ya yi, amma ka sa a rubuta maka shi a cikin yarjejeniyar, tare da bayanin ko kuɗin shiga wuraren da na kwale-kwale suna cikin abin da ka biya, kuma ka riƙe ƙananan takardun kuɗinsu na dong saboda tukuici. Ka nemi ranar da ba Asabar ko Lahadi ba, domin 'yan ƙasar ma suna cika wurin a ƙarshen mako. Yuni lokacin ruwan sama ne a can, don haka ka tambaya tun yanzu abin da za su yi idan aka wayi gari da hadari. Ka kuma ɗauki ƙaramin matashi daga otal ka sa wa Kawu a kan bencin kwale-kwalen, sannan ka tuna masa ya cire doguwar hularsa ya riƙe a hannu kafin ku shiga kogo na uku, domin shi ne rufinsa ya fi saukowa.