Wace kalma za mu sa wa "import" a rumbun bayanan gidan tarihi?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce ta hana ni sakat, ina neman taimakon masu harshe, musamman mutanenmu na Kabi da Zamfara.

Ina taya wani ƙaramin gidan tarihi a nan jihar Kebbi mayar da rajistar kayansa cikin kwamfuta. Da can a babban littafi ake rubutawa, daga baya aka zuba a Excel. Yanzu so muke mu kai su cikin manhajar kula da kayan tarihi, irin CollectiveAccess wadda kyauta ce. Maɓallin da ke wannan aiki, "import" aka rubuta masa. Na zauna rubuta wa ma'aikata takardar jagora da Hausa, sai na cije a nan.

"Rumbun bayanai" dai ya riga ya zauna, kowa ya karɓe shi. To idan rumbu ne, me ake kiran kawo amfanin wani wuri a zuba cikinsa?

Bari in faɗi yadda aikin yake, don sai an san abu ake raɗa masa suna. A takardar Excel kowane layi abu ɗaya ne, kowane ginshiƙi kuma irin bayani ɗaya: lambar rajista, sunan abu, garin da aka samo shi, wanda ya bayar, abin da aka yi shi da shi. Ɗauki misalin Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba, ga kayan kiɗa, ga kayan su, wato kamun kifi. Homa guda layi guda ce. Za a adana takardar a tsarin CSV, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa, a nuna wa manhaja cewa wannan ginshiƙi ga gurbinsa, wancan ga nasa, sannan ita ta buɗe fayil ɗin ta rarraba komai a tashi ɗaya.

"Shigo da" ita ta fara zuwa bakin kowa. Ba kuskure ba ce, amma ni kunnena iyakar Kamba yake jiyowa, da 'yan kwastan da manyan motoci. Kuma ta yi kusa ƙwarai da "shigar da bayanai", wadda muka riga muka ba wa bugawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa ma'aikaci ya shigar, zama zai yi ya kama bugawa har la'asar.

"Loda" ba ta yi ba. Loda hoto ajiye shi ne yadda yake, ba a kwance bakin buhu.

Wata 'yar'uwa daga Gusau ta kawo "ɗura". Na so ta don ƙarfinta, sai dai ɗura ba ta da zaɓe. Ɗura kuwa ita ce ta taɓa cutar mu. Gwajin farko da muka yi, lambar 1975.10 ta koma 1975.1, domin Excel ya ɗauke ta lissafi ne ya yar da sifirin, ta je ta hau kan wani abu dabam mai wannan lamba. Kalmar ƙaho kuma ta fito "Æ™aho", saboda ba a buɗe fayil ɗin a tsarin UTF-8 mai gane haruffan harsuna daban-daban ba, haruffanmu masu ƙugiya duk suka dagule. Kwana biyu muka yi da littafin asali a cinya muna gyara. Abin ya yi mini ciwo, don sunayen mutanen da suka ba da kayan gadonsu amana ne a hannunmu.

Shi ya sa na tsaya a kan "juyo".

Ku saurara: "juyo mini shinkafar cikin wannan kwano." Daga wani mazubi take, gaba ɗaya take tahowa, kuma wannan "o" na ƙarshe shi ke nuna nan aka nufo, kamar a kawo, ɗebo, sayo. Aikin da Turanci ya ba wa farkon kalmarsa, wato "im" na "import", mu wasali ɗaya ya yi mana shi.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa a Birnin Kebbi, ya ja ni a nan. Ya ce, "Ɗana, wanda ya juye buhu ai ya bar shi fanko, naka fayil kuwa yana nan da abinsa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma ai malamai na juya littafi, su kwafe shi kaf, na asali yana nan a gafaka." Ya yi shiru kaɗan, ya ce to a haka ta karɓu, muddin an yi bayani a shafin farko.

Sauran sun zo da sauƙi. Gyaran takarda kafin a juyo na kira shi "tsincewa", yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Nuna wa kowane ginshiƙi mazauninsa, "haɗa gurbi". Ga jimlar da na sa a jagorar: "Ka tsince takardar, ka haɗa gurbi, ka juyo layi goma na gwaji, ka duba su da littafi, sannan ka juyo sauran."

Abin da ya rage mini shi ne kishiyarta, wato fitar da bayanai daga rumbu zuwa waje. Ina tsakanin "ɗiba" da "fitarwa". Mutanen Yawuri da Zuru da Ƙauran Namoda, yaya kuke ji a naku kunnen?